SOM: yadda kamfanin mutum uku ya koya wa duniya gina dogon benen ofis

Idan ka ɗauki jerin dogayen gine-ginen da suka yi tashe a duniya daga shekarun 1950 zuwa yau, Lever House a Niyok, Sears Tower da John Hancock a Shikago, Jin Mao a Shanghai, Burj Khalifa a Dubai, har da One World Trade Center da aka ɗora a inda jirage suka rushe tagwayen benayen nan a 2001, zaka ga duk ofis ɗaya ne ya zana su. Skidmore, Owings & Merrill sunan kamfanin, amma kowa SOM yake cewa. Abin da zai baka mamaki shine babu ko ɗaya daga cikin waɗannan benayen da mutum ukun nan masu sunan suka zauna suka zana da hannunsu. Kuma ni a ganina nan ne sirrin kamfanin yake gaba ɗaya, nan ne ƙarfinsa, nan ne kuma inda ya ci haƙƙin wasu.

Louis Skidmore da Nathaniel Owings surukan juna ne, Skidmore ya auri Eloise 'yar'uwar Owings. Sun yi aiki tare a babban baje kolin da aka yi a Shikago a 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, masu zanen gini da yawa suna zaune ba aiki. A wurin baje kolin nan suka koyi abin da ba a koyarwa a makarantar zanen gini, wato yadda ake zama da manyan kamfanoni a ji me suke so, a yi musu shi da wuri kuma cikin kuɗin da suka ware. A 1936 suka buɗe nasu ofishin a Shikago, a 1937 suka buɗe reshe a Niyok, Skidmore ya koma can Owings ya zauna a Shikago. A 1939 John Merrill ya shigo, shi kuma ya san zane ya san injiniyanci. Toh wannan shigowar ta Merrill ba ƙaramin abu bace, domin a wancan zamanin al'ada ita ce akitek, wato mai zanen gini, ya gama zanensa tsaf sannan ya miƙa wa injiniyan wani kamfani daban yace ga shi nan ka san yadda zaka yi ya tsaya. Su kuma suka ce a'a, mai zane da mai lissafin ƙarfe da mai lissafin wuta da ruwa da sanyi duk su zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, albashinsu daga aljihu ɗaya.

Yaƙin duniya na biyu ne ya ɗaga su. Gwamnatin Amurka ta basu kwangilar tsara wani gari sukutum a ɓoye, Oak Ridge a jihar Tennessee, inda ake tace sinadarin yuraniyam na bam ɗin nukiliya. Merrill ne ya tare a can yana kula da aikin. Gidaje, makarantu, asibiti, kasuwa, tituna, komai daga daji, kuma kafin yaƙi ya ƙare garin ya kai mutum wajen 75,000. Ba wani zane mai burgewa a ciki, gidaje ne masu kama da juna, amma daga nan kamfanin ya fito ya iya sarrafa ɗaruruwan ma'aikata kan aiki ɗaya, kuma gwamnati da manyan 'yan kasuwa sun yarda cewa idan aka basu abu zasu gama.

Bayan yaƙi kamfanonin Amurka suka yi kuɗi ba na wasa ba, kowa yana son hedikwata da zata nuna shi ɗan zamani ne. A nan Lever Brothers suka shigo, masu sabulun nan na Lux, ɓangaren Unilever. Ginin da SOM suka yi musu a titin Park Avenue, wanda aka gama a 1952, shine ya canza komai duk da cewa ba wani dogo bane, hawa ashirin da ɗoriya ne kawai. Kafin shi yawancin benayen Niyok da dutse da bulo ake lulluɓe su, ana sama suna tsukewa mataki-mataki saboda dokar gini ta 1916 da ta hana bene ya tare wa titi rana. Gordon Bunshaft, wanda shine babban mai zane a ofishin Niyok, ya zo da wani abu daban. Ya shimfiɗa wani gajeren gini a kwance a kan ginshiƙai yadda mutane zasu iya ratsawa ta ƙarƙashi, sannan ya ɗora siririn bene a tsaye a gefe ɗaya, ya bar sauran sararin fayau. Bangon kuwa gilashi ne mai ruwan kore-shuɗi daga sama har ƙasa, kuma bangon baya ɗauke da nauyin komai, ƙarafan ciki ne ke riƙe da ginin, shi gilashin rataye shi kawai aka yi a jiki. Tagogin basa buɗuwa sam, esi ne ke aiki dare da rana. Da yake ba a iya leƙowa ta taga a goge, sai aka ƙera wani keji da ke saukowa daga kan rufi da masu wanki a ciki, kaga kamfanin sabulu ya samu talla kyauta kenan, kullum mutanen titi suna kallon ana wanke masa gini.

Gaskiya ba SOM ne suka ƙirƙiro wannan salon ba. Turawan Jamus da Faransa masu zanen gini irin su Mies van der Rohe da Le Corbusier sun daɗe suna maganarsa, kuma shi Mies ɗin ya yi nasa Seagram Building a tsallaken titi a 1958, wanda masana da yawa ke cewa ya fi kyau. Abin da SOM suka yi shine sun ɗauko ra'ayin da yake na 'yan boko ne masu jayayya a mujalla, sun maida shi haja da shugaban banki zai iya saya hankali kwance. Inland Steel a Shikago a 1958, ginin Union Carbide a 1960, One Chase Manhattan Plaza a 1961, haka suka dinga fitowa. Har hukumar birnin Niyok ta sake dokar gini a 1961, tace duk wanda ya bar fili a gaban beninsa don jama'a za a bari ya ƙara hawa. Daga nan sai akwatin gilashi mai fili a gaba ya cika gari, mai kyau da mara kyau.

A nan ya kamata a tsaya a kan wata mata, Natalie de Blois. Ta shiga SOM a 1944, kuma hannunta na cikin Lever House, ita ce kuma ta ɗauki kaso mai tsoka na zanen ginin Pepsi-Cola da na Union Carbide. Amma sunan Bunshaft ake kira. Shekara talatin ta yi a kamfanin bata taɓa zama cikakkiyar mai hannun jari ba, ta bari a 1974. Shi kuwa Bunshaft a 1988 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'ar. Tsarin da masu kamfanin suka kafa na cewa aikin na kowa ne, sunan kamfani kawai za a sa, yana da daɗin ji, sai dai a aikace idan aka ce ba sunan kowa to wanda ya fi ƙarfin murya a ofis shi ake sani, na ƙasa kuma ya ɓace, musamman idan mace ce a Amurkar wancan lokacin.

Yanzu bari mu zo ga ainihin wurin da ya fi ɗaukar hankalina, wato Shikago a shekarun 1960, da haɗuwar mutum biyu, Bruce Graham mai zane wanda aka haifa a Kolombiya, da injiniya Fazlur Rahman Khan ɗan Dhaka, wadda yanzu take babban birnin Bangaladesh. An haifi Khan a 1929, ya zo Amurka karatu a 1952 ya yi digirinsa na uku a jami'ar Illinois, ya kama aiki da SOM a 1955.

Matsalar da ya tarar ita ce wannan. Mutane suna ɗauka abin da ke wahalar da dogon bene shine nauyi, alhali nauyi abu ne mai sauƙin lissafi, ka ƙara hawa ka ƙara kaurin ginshiƙi. Babban abokin gaba iska ce. Idan gini ya yi tsawo iska na tura shi ta gefe, kuma wahalar bata ƙaruwa daidai da tsawon, ninkuwa take yi, ga shi ko ginin bai faɗi ba idan yana lilo da yawa mutanen hawa na sama jiri zai dinga ɗibarsu, lif ya dinga maƙalewa, gilashi ya tsage. Tsohuwar hanya ita ce a cika cikin ginin da ginshiƙai da ƙarafan kwance a ɗaure su gam, sai ya zama duk hawan da ka ƙara kuɗin ƙarfen kowace murabba'in mita yana tashi, har a kai inda ba riba. Wannan na cikin abin da ya sa bayan benen Empire State na Niyok da aka gama a 1931 aka yi shekaru kusan arba'in ba wanda ya wuce shi.

Khan yace me zai hana a fitar da ƙarfin ginin zuwa bangon waje? A jera ginshiƙai kusa da kusa a kewayen ginin, a ɗaure su da ƙarafa masu kauri a kowane hawa, sai ginin gaba ɗaya ya zama tamkar bututu guda da aka kafa a ƙasa, duk faɗinsa yana aiki wajen turje wa iska. Ciki kuma ya zama fili, wanda shine abin da mai hayar ofis yake so dama. Ya fara gwada wannan a wani benen gidajen haya mai hawa 43 a Shikago, DeWitt-Chestnut, a tsakiyar shekarun 1960. Sai John Hancock Center mai hawa 100 da aka gama a 1969, inda ya ƙara manyan ƙarafa masu gicciye a jikin bangon waje, irin alamar X ɗin nan da ake hangowa daga nesa, kuma Graham bai ɓoye su ba, ya barsu a fili suka zama sune adon ginin. Ka duba lissafin: Empire State ya ci ƙarfe wajen kilo 206 a kowace murabba'in mita, Chase Manhattan wanda su SOM ɗin da kansu suka yi ya ci wajen 275, Hancock kuwa 145 kacal. Wannan ne ya sa dogon bene ya koma abin da ake iya yi don riba ba don nuna isa kawai ba. Kuma ba zai yiwu ba da a ce akitek na wani kamfani injiniya na wani, domin a Hancock ba zaka iya cewa ga inda zane ya tsaya ga inda lissafi ya fara ba.

Sears Tower ya biyo baya. Kamfanin Sears a lokacin shine babban mai sayar da kayan masarufi a duniya, yana son manyan falo-falo a ƙasa don ma'aikatansa, da ƙananan ofisoshi a sama don 'yan haya. Sai Khan da Graham suka haɗa bututu tara, uku sau uku, aka ɗaure su wuri guda kamar damin kara, kowanne na tallafar ɗan'uwansa. Biyu suka tsaya a hawa na 50, biyu a na 66, uku a na 90, biyu kawai suka kai ƙololuwa. Ana ba da labari cewa Graham da karan sigari ya nuna wa Khan dabarar a wurin cin abinci, ya dunƙule su a hannu ya tura wasu sama. Ginin ya kai mita 442, an kai ƙarshen ƙarfensa a 1973, kuma ya riƙe kambun bene mafi tsawo a duniya har sai da tagwayen Petronas na Malesiya suka karɓe a 1998. Su Sears ɗin basu daɗe a ciki ba, a farkon shekarun 1990 suka kwashe suka koma bayan gari, a 2009 aka canza wa ginin suna zuwa Willis Tower, amma har gobe mutanen Shikago Sears suke cewa. A wannan shekarar dai ta 1973 aka gama Carlton Centre a Johannesburg, shima zanen SOM, hawa 50, wanda ya shafe shekaru sama da arba'in yana matsayin bene mafi tsawo a Afirka.

Akwai wani aikin Khan da ba bene bane amma alhazanmu da yawa sun kwana a ƙarƙashinsa basu san waye ya yi ba, wato rumfunan nan farare na sashen alhazai a filin jirgin Jidda. SOM ne suka zana, an gama a 1981, tantuna 210 ne na wani yadi da aka saƙa da zaren gilashi aka shafe da wani sinadarin roba mai suna Teflon, an rataye su da wayoyin ƙarfe a jikin dogayen turaku. Yadin na mayar da yawancin zafin rana amma haske na ratsowa, gefe a buɗe, saman kowane tanti akwai rami da iska mai zafi ke fita. Aikin ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 1983, sai dai shi Fazlur Khan bai gani ba, ya rasu a Jidda a watan Maris na 1982 sakamakon bugun zuciya yana da shekara 52, aka kai shi Shikago aka binne. Allah ya jiƙansa.

Kuma a Jiddan dai Bunshaft, wanda shine uban akwatin gilashi, ya yi abin da ya ƙaryata akwatin. Ginin National Commercial Bank da aka gama a 1983 mai kusurwa uku ne, hawa 27, bangon waje dutse ne rufe ruf ba taga, sai wasu manyan ƙofofi guda uku da aka huda a jiki, tagogin ofisoshin duk ciki suke kallo, cikin inuwa, iska mai zafi na bi ta tsakiya ta fice ta sama. Wannan ne yake bani haushi idan na ga sabbin benayen gilashi a garuruwa masu zafi, har da namu na Abuja da Kano. Wanda ya yaɗa salon da kansa da ya zo ƙasar rana ajiye shi ya yi. Masu kwaikwayo kuwa sun ɗauki hoton Park Avenue sun manna a inda zafi ke haura digiri 40, gilashi ya tara zafi, taga bata buɗuwa, wuta ta ɗauke sai janareta, kuɗin dizal ya cinye kuɗin haya. Laifin ba na SOM bane kai tsaye, amma su ne suka sa duniya ta yarda cewa in dai ofis ne na manya to gilashi ne.

Kamfanin bai tafi sumul ba. Skidmore ya rasu a 1962, Merrill a 1975, Owings a 1984, kuma daga ƙarshen shekarun 1970 mutane suka fara gajiya da akwatuna, ana cewa sun maida birane wuri ɗaya ba rai. Sababbin kamfanoni irin su Kohn Pedersen Fox suka fara kwashe kwangiloli, wasu ma har suna tsokanar SOM da cewa masana'anta ce ba ofishin zane ba. A farkon shekarun 1990 kasuwar gine-ginen ofis ta faɗi a Amurka da Ingila, suka sallami ma'aikata masu yawan gaske. Da a ce kamfanin na mutum ɗaya ne mai suna, irin wanda idan maigida ya mutu ko tauraronsa ya dushe shikenan, da tuni an rufe. Amma da yake tsarin na abokan tarayya ne, tsofaffi su yi ritaya a ɗago na ƙasa, kowane ofis da 'yancinsa, sai wani sabon jini ya karɓa kuma suka bi kuɗi inda ya koma, wato Asiya da ƙasashen Larabawa. Adrian Smith na ofishinsu na Shikago ya zana Jin Mao a Shanghai mai hawa 88, aka gama a 1999, kuma a nan ba akwati ya yi ba, ya ɗauko siffar hasumiyar gargajiya ta Sinawa. David Childs na ofishinsu na Niyok ya yi One World Trade Center, ƙafa 1,776 don tuna shekarar 'yancin Amurka, bayan rigima mai tsawo da Daniel Libeskind wanda shi ya ci gasar tsara filin tun farko.

Burj Khalifa kuma maimaicin labarin Graham da Khan ne da wasu mutane, Smith a zane, Bill Baker a lissafi. Mita 828, an buɗe a Janairun 2010. A wannan tsawon bututu kaɗai baya isa, sai Baker ya yi wata cibiya ta kankare mai kusurwa shida a tsakiya, da fukafukai uku da suka fita kamar harafin Y suna tokare ta, duk ta inda iska ta bugo akwai masu turjewa. Sannan ana sama fukafukan na raguwa ɗaya bayan ɗaya a karkace, saboda kada iska ta samu faɗi iri ɗaya da zata dinga kaɗawa da tsari har ginin ya kama lilo, a kowane mataki sai ta tarar da wata siffa daban ta rikice. Smith bai jira an gama ba, ya bar SOM a 2006 ya buɗe nasa da Gordon Gill, kuma shine ya zana Jeddah Tower da ake son ya haura mita 1,000 ya ƙwace kambun daga hannun tsohon ofishinsa. A SOM haka abin yake, mutum ya tafi, suna ya zauna.

Abin da ke gabansu yanzu ya fi iska wuya. Tun bayan korona mutane da yawa a Amurka suka saba aiki daga gida, ofisoshi a tsakiyar birane suka zama wayam, ga kuma maganar hayaƙin da siminti da ƙarfe ke fitarwa wanda ya sa ake tambayar ko ma ya dace a ci gaba da irin wannan gini. Benayen da suka yi a shekarun 1950 da 1960 sun tsufa, rufinsu gajere ne, gilashinsu baya riƙe sanyi. Lever House ya tsira saboda birnin Niyok ya sa shi cikin gine-ginen tarihi a 1982, daga baya aka cire bangon gilashin da ya ruɓe aka sa sabo mai kama da shi, kuma SOM ɗin ne aka sake kira suka yi. Ginin Union Carbide na de Blois bai samu wannan gatan ba. Bankin JPMorgan Chase da ya mallake shi yace ya yi masa kaɗan, masu kare tarihi suka yi ta ƙorafi ba a saurare su ba, daga 2019 zuwa 2021 aka kwance shi hawa-hawa, duk 52 ɗin, wanda a lokacin ba a taɓa rushe bene mai tsawonsa da yardar masu shi ba a duniya. Sabon da aka ɗora a wurin ya kusa ninka shi tsawo, kuma kwangilar zanen Foster + Partners na Landan aka ba.